Keken Da Ba Na Kowa Ba

"Ƙara yaga ta."

"Baba, in na ƙara, kafaɗarka waje za ta fito."

"To kafaɗar tawa haraji za a yanka mata? Yaga, na ce maki!"

Na sa haƙori na kama bakin ɗinkin na ja. Rigar ta yi ƙiii, ta dare har hammata. Baba ya karɓa ya ɗaga ta sama, ya leƙa rana ta cikin hujin, ya gyaɗa kai kamar wanda ya yi sayayya mai kyau.

"Yauwa. Saura toka. Ki goga mata a wuya da gaba, amma kada ki cika, kada ta yi kama da ta mahaukaci. Talaka nika so, ba mahaukaci ba."

Masu karatu, don Allah kada wanda ya tausaya mana. Ni ce Saudatu, ɗiyar Malam Gide na Unguwar Ɗorawa, nan gabas da Pauwa, kuma a shekarar da nake ba ku labari, alif ɗari tara da hamsin da huɗu, rumbu goma sha ɗaya ne a bayan gidanmu, kowanne cike har wuya. Rigar da nake yagawa ita muke kira rigar haraji. Sau ɗaya take fitowa a shekara, in kaka ta yi, malamin haraji ya kusa zuwa ƙidaya. Baba kan fara sa ta tun saura kwana biyu, wai don ta zauna mashi a jiki.

Ga yadda abin yake. Dunƙule ake yanka wa garinmu kuɗin haraji. Malami ya zo ya zauna da mai unguwa, duk wanda aka ga alamar hali a tare da shi a sa sunanshi a wata takarda daban, takardar masu arziki, ya biya fam-fam. Abin da ya rage sai a raba wa sauran magidanta, sule kaza kowa. Kun ga ke nan duk fam ɗin da Baba ya kauce wa, ba ɓacewa yake yi ba. Kan wani yake sauka. Shekara tara Baba na kaucewa.

Kuma yana da kaya, wallahi yana da kaya! Akwai keke baƙi mai fitila da ƙararrawa. Akwai babbar riga ta tsamiya mai aska takwas, da jar dara, da agogon hannu, da laima, da garmaho mai faifai uku. Sai dai babu wanda ya taɓa ganin ko ɗaya a waje. A tsakar gida Baba ke hawan kekenshi. Bayan la'asar za a sa sakata a ƙofar zaure, ya sa rigar tsamiya da dara, ya ɗaura agogo, ya yi ta zagaya rumbuna yana kaɗa ƙararrawa a hankali, kaji na watsewa, Inna na kwashe shanya daga gabanshi. In ya gaji ya zauna ya kunna garmaho, amma sai an cusa mata tsumma a baki don kada maƙwabta su ji. Tsumman ma hannun rigar haraji ne da na yage bara. Haka muke jin waƙa a gidanmu, kamar mai waƙar an shaƙe shi a cikin rijiya.

In ƙidaya ta matso, sai kayan su bar gida. Iya Baraka dillaliya ce ke fitar da su ɗaya-ɗaya ƙarƙashin mayafi, ta rarraba a gidajen talakawa, kowa a ce mashi ya ɓoye, in an gani ya ce nashi ne. Keken ne kawai ya fi ƙarfin mayafi. Shi a tabarma ake naɗe shi, ɗanta Mamuda da maƙwabcinshi Salihu su ɗauka a kafaɗa. Bara har wani tsoho ya tsaya a hanya ya cire takalmi yana salati, ya bi su yana tambaya wa ya rasu.

Za ku ce me ya sa suke yarda? Saboda marka. In ruwa ya yi nisa, rumbun kowa ya ƙare, wurin Baba ake zuwa a karɓi dawa, a ba shi auduga tun tana fure a gona, a kan kuɗin da ya ga dama. Wanda ya ƙi ɓoye agogo da kaka, ba zai ga dawa da marka ba. Ba a taɓa faɗa da baki ba, amma kowa ya sani.

To ni ina ruwana, ni da ke suyar ƙuli-ƙuli ina tara akuyoyina uku? Da ba ruwana. Sai Ɗanliti ya shigo rayuwata.

Wayyo, Ɗanliti! Bari in numfasa.

Shekarata ashirin da ɗaya lokacin. Na yi aure a Faskari, mijin ya rasu bayan shekara biyu, na dawo gida na gama takaba, na kama sana'a. Shi kuma daga wajen Damari suka taso shi da tsohuwarshi, damina uku da suka wuce, ya ari gona yana noma auduga da gyaɗa. Dogo ne siriri, mai wushirya, in ya yi dariya sai ya rufe baki da hannu kamar ya yi laifi. Ran da ya fara kawo mani gyaɗa, ya cika mudu ya yi mata tozo, ya ƙara da hannu biyu, sannan ya tambaye ni nawa zan ba shi. Na ce a raina, wannan bawan Allah in ba a aure shi an tsare ba, kasuwa za ta cinye shi da rai.

Rigarshi ɗaya. Amma yana da fam bakwai a tulu, binne ƙarƙashin gadon tsohuwarshi. Damina uku yana tara su, kwabo-kwabo, har goro ya daina ci. Su ne sadakina, su ne kayan aure, su ne jinkar ɗakin da za mu zauna. Ku riƙe wannan fam bakwai ɗin a ranku, don ni da su nake kwana, da su nake tashi.

Wasiƙa muke yi da ajami a bayan takardar sukari, a naɗe cikin ganyen goro, Iya Baraka ta kai ta kawo, ladanta ƙuli biyu kowace tafiya. Har yau ina da su a cikin adudu.

"Saude, barka da rana. Na hango hayaƙin suyarki daga gona. Na tsaya kallo har tumakin Salihu suka shiga mani auduga."

"To ka daina kallon hayaƙi, ka kalli gonarka. Da ita za ka aure ni."

"Na ji. Amma hayaƙin ya fi kyau."

Na karanta labaran masoya iya karantawa, na ajami da na boko, waɗanda suka ƙetare teku da waɗanda suka yi faɗa da aljanu. Babu wanda ya taɓa ce wa masoyiyarshi hayaƙinta ya fi auduga kyau. Na kwana uku ina murmushi, har Inna ta taɓa goshina.

Matsalar ɗaya ce, Baba. Ran da Inna ta gwada yi mashi maganar, yana zaure shi da Mai unguwa Audi, sai ya ɗaga murya don in ji daga ciki.

"Na ba da ita sau ɗaya ga mai kirki, kirkin ya mutu ya bar ta da tabarma. Wannan karon ba ni ba da ɗiyata sai ga wanda sunanshi ke cikin takardar masu arziki. Mai unguwa, ka shaida."

"Na shaida," in ji Mai unguwa, bakinshi cike da ƙulina.

Da yamma na kai mashi ruwan alwala na ce, "Baba, ai kai ma ba ka cikin takardar."

"Ni daban. Ni dabara ta hana ni shiga. Su talauci ya hana su. Ba ɗaya ba ne."

Daga nan ne na tafka kuskuren da nake so in amsa a gabanku. Na ce a raina, Baba ido gare shi, ba zuciya ba. In ya ga Ɗanliti cikin shiga ta mutunci sau ɗaya, zai yi laushi. Aron kaya kuwa ba abin kunya ba ne a wurinmu. Duk saurayin da zai je gaida surukai yana ara, kuma ba a hana shi, ko maƙiyinka ne ya zo aron hula don gaisuwa sai ka ba shi. Na rubuta:

"Ka zo gaida Baba ran Alhamis da hantsi. Malamin haraji sai Asabar. Kada ka zo da rigar nan taka. Ka yi aro."

"Wurin wa? Ni da abokaina duk rigarmu iri ɗaya ce. Ta Salihu ma ta fi tawa huji."

"Ka bar wa Iya Baraka. Ta san gari."

Ta san gari! Da hannuna na rubuta. Ni da na ga wannan tsohuwar da idona tana fita da agogon Baba a ƙugunta. So yana toshe wa mutum wani wuri a kai, wallahi, ban san sunan wurin ba amma nawa ya toshe.

To, mu koma safiyar Alhamis. Na gama goga wa rigar toka, Baba ya sa, ya ɗaura wani tsohon rawani da ɓera ya ci, yana gwada tari a tsakar gida. Ni kuma na faki ido na shige ɗaki. Na yi wanka da sabulun salo, na sa zanena saƙi mai ratsin ja wanda ban taɓa ɗaurawa ba tun da na dawo, na ɗaura fatala, na zizara kwalli, na goga furen taba a haƙori har suka yi ja. Ina cikin sa warwaro sai na ji sallama a ƙofar gida. Don murna na ruga na laɓe bayan asabarin da ya raba zaure da cikin gida.

Ba Ɗanliti ba ne. Mai unguwa Audi ne, da wani gajeren mutum mai tabarau da jakar fata, alƙalami a maƙale a kunne.

"Malam Gide, ga Malam Nata'ala, malamin haraji. Ya gama da Pauwa da wuri, ya ce bari ya rage aiki."

Kun san me Baba ya yi? Hamdala. Na ji shi da kunnena, a hankali, don rigar na jikinshi. Ya shimfiɗa masu tabarmar da ta fi kowace mutuwa, ya zauna a ƙasa yana tari, ya ƙwala wa Inna kira ta kawo kunu. Inna ta san aikinta. Kunun haraji ruwa ne da aka nuna wa gero daga nesa, a ƙwaryar da aka ɗinke sau biyu.

Malam Nata'ala ya kurɓa sau ɗaya ya ajiye. Ya dubi kafaɗar Baba da ke waje. Ya girgiza kai.

"Sannu, Baba. Rumbunan da na hango a baya fa?"

"Na marayu ne, Allah gafarta Malam. Amana ce. Ni ko zangarniya ɗaya ban da ita ciki."

"Allah sarki. Talaka ke nan, da riƙon amana."

Ya ciro alƙalami daga kunne. Ya tsoma a tawada. Saura ƙiris ya rubuta Baba cikin talakawa.

Ƙirrin! Ƙirrin!

Masu karatu, uwa ta san kukan ɗanta cikin yara ɗari. Haka Baba ya san ƙararrawar nan. Tarin da ya ɗauko ya tsaya mashi a maƙogwaro. Na leƙa ta hujin asabari, na hangi ƙofar gida, sai na dafe bango.

Ɗanliti ne. Cikin rigar tsamiya mai aska takwas, tana jan ƙasa don Baba ya fi shi faɗi sau biyu. Jar dara ta nutse har kunnuwa. Agogo an ɗaura shi a kan hannun riga don a gani. Hannu ɗaya riƙe da laima a buɗe, ɗaya yana tura keke, don bai iya hawa ba. A bayan keken kuma, ɗaure da igiyar rama, garmaho ce zaune kamar amarya. Rabin unguwa na biye da shi. Yana murmushi, wushiryar nan a waje, yana neman inda zai hango ni.

Ya yi kyau. Allah Ya yafe mani, a cikin wannan masifar abin da na fara gani ke nan. Ya yi kyau.

Ya jingine keken, ya tuɓe takalmi, ya shigo ya durƙusa har ƙasa.

"Baba, ina kwana? An tashi lahiya?"

Idon Baba na kan wuyan rigar, daidai inda miyar kuka ta ɗiga mashi ran Juma'a.

Malam Nata'ala ya gyara tabarau. "Mai unguwa, wane ne wannan attajirin?"

"Attajiri? Ɗanliti ne fa. Bara sai da ya sai da kajin tsohuwarshi ya cika haraji."

"Ka ji su ko! Irin su nike nema. Su tara dukiya su ɓoye, su bar bayin Allah irin wannan tsohon da biyan kuɗɗin gari." Ya nuna Baba da alƙalami. "Dube shi. Kafaɗa waje. Kai ko kunya ba ka ji ba, ka shigo gidanshi da laima?"

Sai a lokacin Ɗanliti ya ga jakar fata. Murmushin ya tafi.

"Malam Gide," in ji malamin, "na ga kana ta kallon keken nan kamar ka san shi."

"Ni? Ina ni ina sanin keke? Ban taɓa ganin shi kusa haka ba, shi ya sa."

"Allah sarki. Kai, attajiri, hau ka zagaya ya gani, ka samu lada."

Ɗanliti ya fita kamar wanda za a yi wa kaciya. Ya ɗaga ƙafa, rigar ta naɗe feda, shi da keke da laima suka tafi gefe guda. Mutane suka sa ihu. Baba ya miƙe zumbur.

"Sarƙar! Kai, a hankali da sarƙar, ba ta daɗe da shan mai ba!"

Malam Nata'ala ya juyo ya dube shi.

"Wai... haka na ji ana cewa," in ji Baba, yana komawa zaune. "An ce suna da sarƙa."

"Suna da ita," in ji Malam Nata'ala cikin tausayi. "Ka ga talaka, ko kayan wani ba ya so ya lalace. A shigo da garmahon nan mu ji."

Aka shigo da ita. Malamin ya iya, ya wana, ya ɗora faifai. Waƙar ta fito a shaƙe yadda muka saba ji. Ya leƙa bakin, ya sa yatsa biyu ya zaro tsumma. Murya ta ɓarke a zauren nan, karo na farko tun da aka sayo ta, har kajinmu suka yi tsalle.

Ni ba waƙar nake ji ba. Tsumman nake kallo. Shuɗi ne mai ratsin fari. Rigar da ke jikin Baba shuɗiya ce mai ratsin fari, kuma hannunta ɗaya babu.

Malam Nata'ala ya dubi tsumman. Ya dubi rigar. Ya sake duban tsumman. Ya matso ya kara shi a kafaɗar Baba, ya zauna daram, har zaren ya haɗu da zare. Na rufe ido na fara salati.

"Ikon Allah," in ji malamin. "Abin da mai kuɗɗi ya toshe garmaho da shi, shi ne suturar wani. Karɓi, Baba, a yi maka faci. Sadaka ce."

Baba ya sa hannu biyu ya karɓi hannun rigarshi. Har da cewa an gode.

"Allah gafarta Malam," Ɗanliti ya samu baki, "wallahi kayan nan aro ne. Gaisuwa na zo. Ko zare ɗaya ba nawa ba ne."

"Kowa haka shika cewa. To na ji, aro ne. Faɗi masu su. Duk wanda ka ambata, shi zan rubuta a madadinka. Keke na wa?"

Na ga Ɗanliti ya waiwaya ƙofa. Mamuda na tsaye a can cikin mutane, ya yi fari fat, 'ya'yanshi biyar ne kuma jakinshi ya mutu da bazara. Kusa da shi Salihu, wanda aka karɓo garmaho a ɗakinshi, yana ta girgiza kai a hankali kamar mai roƙo. Ɗanliti bai san kayan na Baba ba ne. Abin da ya sani, waɗannan mutanen sun rufa mashi asiri sun ba shi aro, kuma kalma ɗaya daga bakinshi za ta sa a sayar da gonakinsu.

Ya daɗe yana kallon su. Sannan ya juyo, ya gyara darar da ta rufe mashi ido.

"Nawa ne."

"Duka?"

"Duka nawa ne."

"Madalla da gaskiya. Ɗanliti, mai keke, mai garmaho, mai agogo. Fam shida." Alƙalami ya yi ƙara a kan takarda. "Kuma in ka shiga takardar nan ka shiga ke nan, baɗi ma haka."

Fam shida cikin bakwai. Damina uku. Goron da bai ci ba. Jinkar ɗakina. Na zame na zauna a ƙasa bayan asabari, kwallin da na sha wahalar zizarawa yana gangarowa har haɓa. Ban taɓa son mutum kamar yadda na so shi a wannan lokacin ba, kuma ban taɓa jin haushin mutum haka ba. Wane irin mutum ne zai ba da aurenshi sadaka cikin rigar aro?

"Matsa mani in gani."

Iya Baraka ce. Ban san sanda ta shigo ta ƙofar baya ba. Ta tsuguna kusa da ni tana tauna goro, ta sa ido a huji.

"Iya," na ce da raɗa, "kin sani. Da gangan kika yi."

"Ni aro aka ce in nemo. Na nemo mai kyau."

"Kin kashe shi!"

"Ke, rufe mani baki. Shekara tara ina ɗauke da agogon ubanki a ƙuguna, ina sai da akuyata ina cika harajin Mamuda. Agogon na bugawa a cikina kamar ɗan tayi. Na ce bari dai kayan nan su sha iska sau ɗaya gaban hukuma, mu ga mai su zai iya haƙuri." Ta tofar da goro. "Ashe ya fi ni taurin rai."

"To yanzu fa? Ɗanliti fa?"

"Yanzu ke ce mai baki. Ni dillaliya ce, na kawo kaya kasuwa. Ciniki naku ne."

Na zauna ina lissafi. In na fita na ce kayan Baba ne, na tona ubana gaban baƙo da rabin gari, kuma gobe a kama su Mamuda da laifin ɓoyewa, da marka kuma ba mai ba su ko mudu. In na yi shiru, tulun Ɗanliti ya tafi, ya tattara ya tafi cin rani, ni kuma in tsufa ina yaga riga duk kaka. Na leƙa. Baba na zaune da tsumma a hannu, yana kallon kekenshi ta ƙofa kamar wanda aka ɗaura wa matarshi aure da wani. Kalma ɗaya zai faɗa ya ceci yaron nan. Ya ƙi. Yana jira malamin ya tafi, ya karɓe kayanshi, ya bar Ɗanliti da fam shida.

A nan na yanke shawara.

Na goge fuska da bakin fatala. Na ɗebo ruwa a kwanon sha mai kyau, na gangaran, ba na haraji ba. Na ɗaga asabari na shiga da sallama, na durƙusa na ajiye gaban malamin. Na tsaya nan ban tashi ba.

"Ke, koma ciki," in ji Baba.

"Yanzu, Baba. Allah gafarta Malam, tambaya gare ni. Sunan wannan bawan Allah ya shiga takardar masu arziki?"

"Ya shiga, ɗiyata. Tawadar ma ta bushe."

"Ba ya fita?"

"Sai in wani ya zo ya ce kayan nashi ne, in goge in sa shi."

Na juya. "Mai unguwa, ranka ya daɗe, kana nan ran da Baba ya faɗi irin wanda zai ba aurena?"

Mai unguwa ya dubi Baba, ya dubi rufin zaure, ya sosa gemu. "Ina nan. Ya ce sai wanda ke cikin takardar. Har ya ce in shaida."

"Baba," na ce, kaina a ƙasa, don wallahi ban iya kallon idonshi ba, "ka gafarce ni. Keken nan da garmahon nan, kana da wani haƙƙi a kansu?"

Na ji numfashinshi. Na ji Malam Nata'ala ya sake tsoma alƙalami a tawada, don shi mutum ne mai son aikinshi. Ɗanliti ya dubi rigar da ke jikinshi, ya dubi faɗin kafaɗar Baba, na ga bakinshi ya buɗe a hankali. Sai yanzu ya gane.

"Ba... nawa ba ne," in ji Baba, kamar ana zare mashi haƙori.

Na miƙe tsaye. Ban san inda muryar ta fito ba, amma har na bakin ƙofa sun ji.

"To jama'a ku shaida. Ni Saudatu bazawara ce, ina da bakin zaɓe, kuma na zaɓi attajirin nan da Baba ya yi mani alkawari. Wakilinshi ya zo gobe da goro. Ran kasuwar Ƙanƙara kuma, ni da Iya Baraka za mu tura keken nan da garmahon mu sayar, a biya fam shida, abin da ya ragu a rage wa su Mamuda harajinsu da shi. Tulun Ɗanliti ba mai taɓa shi. In akwai wanda bai yarda ba, ga Malam zaune, ga alƙalami da tawada, ya faɗi sunanshi a rubuta."